Fayil ɗin da ya ƙi buɗewa da wanda ya buɗe: nazarin lamarin wasu ƙungiyoyin mawaƙa a Jihar Gombe

A kudancin Jihar Gombe, musamman a garuruwan da ke kan hanyar Yola irin su Billiri da Kaltungo, ƙungiyoyin mawaƙa na majami'u sun daɗe suna rera waƙoƙinsu da Hausa cikin muryoyi huɗu, wato sofrano da alto da tena da bas. Mafi yawan mawaƙan da solfa suke karanta sauti, tsarin nan na do-re-mi wanda John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 kuma 'yan mishan suka shigo da shi ƙasar nan, yayin da masu buga organ da masu busa ƙaho suka fi bukatar rubutun layuka biyar. Lamarin da zan bayyana ya faru ne tsakanin ƙungiyoyi uku, ɗaya a cikin garin Gombe, ɗaya a Billiri, ɗaya kuma a Kaltungo, waɗanda suka shirya haɗa murya a wani taron waƙoƙin Kirsimeti. An kira ni ne bayan abu ya riga ya dagule, saboda ina koyar da kwamfuta kuma ina rera tena a ƙungiyar Gombe, don haka abin da ke nan ya fito ne daga fayilolin da na bincika da kaina da kuma hirar da na yi da mutum ukun da fayilolin suka bi ta hannunsu.

Wanda ya tsara waƙoƙin wani dattijo ne a Billiri, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda kowa ke kira Baba Malam. Waƙoƙi tara ya shirya, kowace da muryoyi huɗu da layin organ da layuka biyu na ƙahon badujala, wanda masu busa shi ke kira turamfet. Ya yi aikin ne da MuseScore, manhajar rubutun kiɗa ta kyauta wadda wani Bajamushe mai suna Werner Schweer ya faro a 2002, aka fitar da sigarta ta 1 a 2011, ta 2 a 2015, ta 3 a Disambar 2018, sannan ta 4 a Disambar 2022. Sigar da ke kan kwamfutar Baba Malam ita ce 3.6.2, ta ƙarshe a dangin 3, wadda ta fito a farkon 2021. Ba taurin kai ne ya tsayar da shi a kanta ba. Kwamfutarsa ta hannu ce da ɗansa ya saya masa, Windows 7 ke kanta, alhali siga ta 4 ba ta hawa sai a kan Windows 10 ko abin da ya fi ta sabunta. Akwai kuma wata dabara da ya saba yi wadda za ta zama muhimmiya a gaba: da yake mawaƙansa solfa suka iya, yakan rubuta solfa ɗin kowace murya tamkar wani baitin waƙa ne, sannan ya ɗaga shi sama da layukan biyar, ya bar ainihin baitocin Hausa a ƙasa.

Saura mako biyar taron, sai ya ba wani saurayi, mai buga organ na ƙungiyar Gombe, filashin da waƙoƙin ke ciki, domin ya gyara wasu 'yan wurare a layin organ ya kuma buga takardun a birni, inda bugun ya fi araha. Saurayin yana da sabuwar kwamfuta da siga ta 4 a kanta. Fayilolin sun buɗe masa ba tare da wata tangarɗa ba, domin sabuwar siga tana karanta abin da tsohuwa ta rubuta. Ya yi gyaransa, ya zo adanawa, kwamfutar ta tambaye shi ko a maye gurbin fayil ɗin da ke ɗauke da wannan suna, ya amsa da e, har sau tara. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi bai so ya cika wa Baba filashi da kwafi barkatai ba, kuma suna ɗaya ne, wutsiyar sunan ma ɗaya ce. A nan ne tushen matsalar yake, kuma ba na ganin laifinsa sosai, domin siga ta 3 da ta 4 duk .mscz suke liƙa wa ƙarshen sunan fayil, ta yadda mai kallon jerin fayiloli ba shi da hanyar bambance su da ido. Baba Malam kuwa, da filashin ya dawo masa, ya kwashe abin da ke ciki ya ɗora a kan na kwamfutarsa, a zatonsa gyararren kwafi ne ya maye gurbin mai kuskure.

Da ya zo buɗewa, manhajar ta sanar da shi cewa an adana wannan fayil da siga mafi sabunta. Ya ɗauka cutar kwamfuta ce ya kwaso daga shagon buga takardu, har ya kai na'urar wurin mai gyara a kasuwa aka yi mata wanki, abin bai canza ba. Daga baya ya gwada yin watsi da gargaɗin a kan waƙa ɗaya, ta buɗe a birkice, shafi biyu sun zama huɗu, haruffa sun sauya, sai ya rufe ba tare da ya adana ba. Wannan ƙin da ya yi na taɓa abin da bai gane ba shi ne mafi hikimar matakin da wani ya ɗauka a duk tsawon lamarin. Ya kira saurayin a waya ya ce, "Ɗana, me ka yi wa waƙoƙin nan?" Shi kuma ya amsa da cewa, "Baba, ku yi haƙuri, a wurina lafiya lau suke buɗewa." Kowannensu gaskiya ya faɗa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɓarna ta biyu, wadda ba wanda ya lura da ita sai a ranar gwaji. Shugaban masu busa ƙaho a Kaltungo, wanda shi ma siga ta 3 yake da ita, ya nemi a tura masa layukan ƙahonin ta WhatsApp. Saurayin, da yake ya riga ya ji abin da ya faru a Billiri, ya yi tunanin kauce wa matsalar ta hanyar tura fayil ɗin MIDI, bisa abin da ya sha ji cewa MIDI kowace manhaja tana buɗe shi. Haka ne kuwa, ya buɗe nan take ba tare da gargaɗi ko ɗaya ba, aka ga alamomin sauti jere a kan layuka, aka buga, aka raba wa masu busa, suka yi mako biyu suna haddace shi su kaɗai.

MIDI, wanda aka ƙirƙiro a 1983 domin na'urorin kiɗa su yi magana da juna, umarnin bugawa ne kawai yake ɗauka: wane sauti, a wane lokaci, na tsawon wane lokaci, da wane ƙarfi. Kowane sauti lamba ce a wurinsa, ta yadda lamba 70 ita ce B-filat kuma ita ce A-shaf, bai san bambancin da mai karatu ke gani a tsakaninsu ba. Sautin da kunne ke ji shi yake adanawa, ba wanda aka rubuta wa mai busa ba, kuma ga ƙahon B-filat, irin wanda masu busa na Kaltungo ke amfani da shi, waɗannan abubuwa biyu ne daban, domin duk abin da aka rubuta masa yana fitowa ne da cikakken mataki ɗaya ƙasa da rubutun. Saboda haka idan mawaƙa suna ki F, wato sautin F ne do ɗinsu, dole a rubuta wa ƙahon a ki G kafin su daidaita, kuma haka Baba Malam ya yi tun farko. Takardar da ta fito daga MIDI a Kaltungo kuwa a ki F ta zo, masu busa suka karanta ta yadda suka saba, sautinsu ya sauka a E-filat. Ranar da ƙungiyoyin uku suka haɗu a Billiri, ba a kai ƙarshen layin farko ba aka tsaya, 'yan sofrano suna kallon masu ƙaho, masu ƙaho suna nuna takardunsu suna cewa abin da aka rubuta suka busa.

Bayan wannan akwai rikicin ƙidaya. A waƙa ta farko, ma'aunai takwas na farko, wato ɗakunan nan da ke tsakanin layukan tsaye waɗanda mawaƙa ke kira ba, ana maimaita su ne da alamar maimaici. MIDI ya warware maimaicin ya jera shi sau biyu, don haka duk lokacin da Baba Malam ya ce a koma ma'auni na 17, masu ƙaho suna komawa wurin da yake na 9 a takardar mawaƙa. Layin solfa da baiti na biyu da na uku kuwa ko alamarsu babu a takardun Kaltungo. An tashi gwajin rai a ɓace, wasu na zargin masu busa da rashin koyo, wasu na raɗe-raɗin cewa tsufa ya fara taɓa kunnen dattijon, zargin da ya fi komai yi masa ciwo.

Binciken bai ɗauke ni lokaci mai tsawo ba. Fayil ɗin .mscz a haƙiƙa ƙunshi ne irin na zip, idan aka kwafe shi aka sauya wutsiyar sunan zuwa .zip za a iya leƙa cikinsa. A ciki akwai fayil mai wutsiyar .mscx, rubutu ne da mutum zai iya karantawa, kuma a layukansa na farko an rubuta lambar tsarin da aka adana shi da ita. Wanda siga ta 3.6 ta adana yana nuna 3.02, waɗanda ke kan filashin kuwa dukkansu lambar da ta fara da 4 suke nunawa. A nan kuma aka ga dalilin birkicewar waƙar da Baba Malam ya buɗe da ƙarfi: siga ta 4 ta cire bayanan fasalin shafi da na haruffa daga cikin babban fayil ɗin ta mai da su wani fayil na daban a cikin ƙunshin, inda siga ta 3 ba ta san ta duba ba. Ba abin mamaki ba ne, domin manhajar da aka gama rubutawa a 2021 ba za ta san tsarin da aka fito da shi a ƙarshen 2022 ba. Abin da ya rage shi ne ko sabuwar za ta iya komawa baya ta rubuta da yaren tsohuwar, kuma siga ta 4 ba ta da wannan zaɓi. Kamfanoni sun sha bamban a kan wannan batu. Manhajar rubutun kiɗa ta Sibelius, wadda 'yan'uwa biyu Ben da Jonathan Finn suka fitar a 1993, tana da wurin fitar da fayil zuwa tsofaffin sigoginta, Dorico ta kamfanin Steinberg kuma, wadda ta fito a 2016, tana barin tsohuwar siga ta buɗe sabon fayil bayan ta yi gargaɗi. Ko a cikin dangin 4 na MuseScore ma, sigar da ta gabata takan yi gargaɗi idan aka ba ta fayil ɗin wadda ta biyo bayanta.

Hanyar da saurayin ya kamata ya bi tun farko ita ce MusicXML, tsarin musayar rubutun kiɗa da Michael Good ya ƙirƙiro, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2004, ta 4.0 kuma a 2021, kuma tun 2015 wani rukuni a ƙarƙashin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ke kula da shi. Shi rubutun yake ɗauka ba bugun ba, don haka ya san ki, ya san alamar maimaici, ya san baitoci da gaɓoɓinsu, ya kuma san cewa ƙahon B-filat ana rubuta masa daban da abin da ake ji. Mun fitar da waƙoƙin tara daga siga ta 4 zuwa MusicXML, muka shigar da su siga ta 3.6.2. Sautuka sun dawo daidai, ƙahoni sun koma ki G, maimaici ya koma wurinsa. Amma duk abin da Baba Malam ya daidaita da hannu bai tsira gaba ɗaya ba. A wasu waƙoƙin layin solfa ya sauko ƙasa ya shige cikin baitoci kamar baiti na huɗu, tazarar da ya buɗa domin dogayen kalmomi ta matse, inda ya karya layi domin kada a juya shafi a tsakiyar jimla ya gusa. Waƙoƙi huɗu mun yi sa'a da su, domin shugabar 'yan alto ta Billiri ta tarar da ainihin fayilolinsu a WhatsApp ɗinta, waɗanda dattijon ya tura mata tun kafin filashin ya tafi Gombe, sai kawai aka sake shigar da gyaran organ a cikinsu. Sauran biyar ɗin sai da Baba Malam da saurayin suka zauna kwana uku, ɗaya riƙe da tsohon rubutun hannu ɗaya a kan kwamfuta, suna bi ma'auni bayan ma'auni.

Idan aka auna asarar, fayil ɗin da ya ƙi buɗewa ya ci kwana uku na mutum biyu da kuɗin mai gyara. Wanda ya buɗe lami lafiya kuwa ya ci mako biyu na masu busa shida, ya ɓata gwajin da mutane suka biya kuɗin mota daga garuruwa biyu domin halarta, ya sa aka sake buga takardu, ya kuma bar wani tabo tsakanin mutanen da suka daɗe suna mutunta juna. Masu ƙahon sun sha wuya wajen sake koyo, domin yatsunsu sun riga sun saba da ki ɗin da ba daidai ba, kuma a ganina da sun fi samun sauƙi da a ce ba su taɓa ganin waƙoƙin ba.

Da aka zauna shawarar yadda za a ci gaba, ra'ayi ya rabu. Saurayin ya so kowa ya koma siga ta 4, yana mai kafa hujja da kyawun sautinta da kuma cewa an daina gyara siga ta 3, hujjar da ba ta da makusa. Shugaban masu ƙaho ya ce ya yarda, in dai saurayin ne zai sayi kwamfutoci biyu. A ƙarshe aka tsaya a kan siga ta 3.6.2 a matsayin wadda ake aikin haɗin gwiwa da ita, tunda sigogin biyu suna zama tare a kwamfuta ɗaya ba tare da rikici ba, saurayin ya saukar da ita kusa da tasa. An kuma amince cewa ainihin fayil na kowace waƙa yana hannun mutum ɗaya, cewa za a riƙa rubuta lambar siga da kwanan wata a cikin sunan fayil, cewa mai son rerawa ko busawa PDF kawai za a tura masa, mai son gyara a tura masa MusicXML tare da PDF ɗin da zai gwada da shi, MIDI kuwa a bar shi ga sauraro. Ni na goyi bayan wannan tsari, ko da yake na faɗa musu cewa na wucin gadi ne, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 tun Janairun 2020, kuma batirin kwamfutar Baba Malam ba ya riƙe wuta ko na minti goma.

A wurin wannan zama ne wani tsohon al'amari ya taso. Shugaban mawaƙan da ya gabaci Baba Malam, wanda ya rasu, ya bar faifan CD biyu ɗauke da waƙoƙin da ya tsara da wata manhajar rubutun kiɗa mai suna Finale, masu wutsiyar .mus, kuma ba wanda ya buɗe su tun bayan rasuwarsa. Finale ta fara fitowa a 1988, ta sauya tsarin fayil ɗinta zuwa .musx a sigar 2014, sannan a watan Agustan 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar da daina haɓaka ta da sayar da ita, ya bar siga ta 27 a matsayin ta ƙarshe. Babu ɗaya daga sigogin MuseScore da ke hannunmu da ke karanta .mus, saboda haka dole a nemi kwamfutar da Finale ke aiki a kanta a fitar da waƙoƙin zuwa MusicXML. Mun samu wani mai tsara kiɗa a Jos da ya yarda ya yi mana, kuma siga ta 27 tana iya juya babban jakar fayiloli a lokaci guda.

Sautukan sun iso lafiya, amma kalmomin sun zo da wata cuta ta daban wadda ta shafi Hausa kai tsaye. Finale ba ta fara karɓar Unicode, tsarin haruffan kwamfuta da ya ba ƙ da ɗ da ɓ lambobinsu na kansu, ba sai a sigar 2012. Kafin nan, mai son haruffa masu lanƙwasa sai ya nemi wani salon haruffa na musamman wanda aka zana ƙ a gurbin wata alamar da ba a cika amfani da ita ba, kuma haka marigayin ya yi. Fayil ɗin ya adana alamar ce, siffar kuwa tana cikin salon haruffan da ya tafi tare da tsohuwar kwamfutarsa. Don haka duk inda ya rubuta ƙauna ko ɗaukaka, abin da ya bayyana shi ne wata sanda ko baka a farkon kalmar. Da yake kowace alama harafi ɗaya take wakilta a ko'ina, mun buɗe fayilolin MusicXML a matsayin rubutu muka musanya su, muna takatsantsan kada musanyar ta taɓa wani abu ban da baitoci. Inda aikin ya tsaya shi ne waƙoƙin da marigayin ya rubuta a shekarun da bai damu da lanƙwasa ba kwata-kwata, ya bar k da d da b tsura, waɗanda babu na'urar da za ta san ko kasa yake nufi ko ƙasa. Waɗannan Baba Malam ne ke bin su da kansa da yamma idan an kawo wuta, shi da wasu tsofaffin mata biyu da suka rera su a gaban marigayin, kuma lokacin da na je Billiri na ƙarshe sun gama faifai na farko sun shiga na biyu.